Ƙanina ya fara haki da kumburin ƙafa bayan dashen ɓargo, wai zuciya ce?

Yar_Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinku ku taimaka min da bayani, wallahi kaina ya kulle. Ƙanina ne, shekararsa 26, bara aka gano yana da kansar jini irin wadda suke cewa AML, aka fara masa kemo a nan gida, daga baya 'yan uwa da abokan arziki suka haɗa hannu aka kai shi Indiya, can ma sai da suka sake masa wani kemon mai ƙarfi kafin ciwon ya kwanta sannan aka yi dashen ɓargo. Ni ce na bayar, sun ce rabi muka dace ba duka ba amma yanzu ana yi a hakan. To alhamdulillah dashen ya kama, ya kusa wata takwas kenan, mun dawo Kano kuma duk gwajin jinin da ake yi ciwon bai dawo ba, sai dai ƙuraje da bushewar baki da suka ce sabon ɓargon ne yake faɗa da jikinsa shi yasa har yanzu ba a tsayar masa da takrolimus da firedinisolon ba. Yana shan amlodifin ma saboda jininsa ya hau, da maganin fangas, da Septrin.

Matsalar ita ce kwanan nan ya fara haki, masallacin ƙofar gida ma in yaje ya dawo sai ya zauna yana maida numfashi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi baya shiga, in ka danna wajen yatsa ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Da daddare baya iya kwanciya a miƙe sai an tara masa filo uku, wani lokacin ma a zaune yake kwana yana busasshen tari. Bayansa ya yi ciwo kwanaki aka karɓo masa diklofenak a kemis yana sha, Mama kuma tace sanyi ne ya kama shi take dama masa kunun kanwa da safe. Na tura wa likitansa na can saƙo a WhatsApp, amsar da ya bani gajeriya ce, wai a yi eko, wato hoton zuciya, a ga likitan zuciya. Ranar asibitinmu kuma sai nan da sati biyu.

Tambayata, me ya haɗa ɓargo da zuciya? Kafin a yi dashen sun duba zuciyarsa sun ce lafiya lau take. Sannan abinda yafi damuna ban faɗawa kowa a gida ba, ni ina da hawan jini tun haihuwata ta biyu, ko ɓargona ne ya kai masa ciwon? Wannan tunanin ya hana ni barci wallahi. Mu jira ranar asibitin ko yaya?

Abu_Sadiq

Wa alaikumus salam. Allah ya bashi lafiya yasa kaffara ne. Ni ba ma'aikacin lafiya bane amma mahaifinmu yayi ciwon zuciya kuma wannan kwanan zaunen da kika faɗa sak irin nasa ne lokacin da ruwa ya taru masa a huhu. Dan girman Allah kar ku jira sati biyu, ku ɗauke shi yau ku tafi emajansi, in ba komai an huta.

Likitan_Jini

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannunku da ɗawainiya. Ni likita ne a ɓangaren cututtukan jini. Maganar Abu Sadiq ita ce magana, wanda aka yi wa dashe kuma baya iya kwanciya saboda numfashi ba mai jiran ranar kilinik bane, yau ɗin nan za ku je, ku kwashi duk magungunansa a leda harda diklofenak ɗin, da takardar sallamar da aka baku a Indiya da sakamakon ekon da aka yi kafin dashe. Sauran bayanin nan ki karanta a mota ko a bencin asibiti.

Maganar ɓargonki tukuna, ki cire ta daga ranki. Abinda aka ɗiba a jikinki ƙwayoyin da suke haifar da jini ne da garkuwar jiki. Eh jininsa yanzu daga naki yake, rukunin jininsa ma yana komawa irin naki in da can kun bambanta, in aka duba ƙwayoyin jinin a lab za a ga alamar na mace ne, amma tsokar zuciyarsa da jijiyoyinsa da ƙodarsa duk nasa ne na asali ba a taɓa su ba. Hawan jinin da ya samu dalilinsa a fili yake, takrolimus yana matse jijiyoyin ƙoda, firedinisolon yana riƙe gishiri da ruwa, da yawan masu shan waɗannan biyun jininsu yana hawa ko waye ya basu ɓargo. Ke kin bashi abinda ya tsare shi daga dawowar AML ne.

Abinda yake taɓa zuciya yawanci hanyar da aka bi kafin a kai ga dashen ne da magungunan da suka biyo baya. Ki tuna wani jan ruwa da aka sa masa ta jijiya kwana uku a jere a kemon farko, wanda fitsari yake yin ja bayansa? Wannan daunorubisin ne ko ɗan uwansa idarubisin, dangin doksorubisin, a dunƙule ana ce musu antarasaikilin. Tsarin da aka saba da shi a AML shi ne kwana 7 na sitarabin da kwana 3 na wannan jan, kuma da ƙyar a kwantar da ciwon ba tare da shi ba, magani ne mai kyau ƙwarai. Aibinsa yana kashe wasu daga cikin ƙwayoyin tsokar zuciya, su kuma ba kamar fata ko hanta bane da suke sake tofowa, wanda ya tafi ya tafi. Shi yasa muke lissafa duk abinda mutum ya sha tun daga allurar farko, ba a sake lale. In jimillar ta kai kwatankwacin miligiram 250 na doksorubisin a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki muna sa mutum a sahun masu haɗari, daga 450 zuwa 550 kuma nan ne iyakar da ba a son a tsallake a duk rayuwa. Ƙaninki ya sha a gida ya sake sha a Indiya, to dole a zauna a haɗa lissafin wuri biyun, kuma gaskiya wannan shi ne abinda yafi faɗuwa a tsakani in mara lafiya ya yi jinya a ƙasa biyu, kowane ɓangare ya san nasa kaɗai.

Da kika ce eko kafin dashe lafiya lau, wannan baya kore komai. Akwai binciken da aka yi a Milan ta Italiya aka fitar a 2015, sun bi mutum 2,625 da suka sha irin wannan maganin, kashi 9 cikin ɗari ƙarfin zuciyarsu ya ragu, kuma kusan dukkansu, kashi 98, a cikin shekarar farko bayan gama maganin abin ya bayyana, ba a ranar da aka sa ba. Wato eko na iya fita fes a wata na biyu a wata na tara kuma a ga ta yi rauni.

Na biyu sikolofosfamaid, shima maganin kemo ne. Tunda rabi kuka dace kusan tabbas an bashi shi mai yawa a kwana na 3 da na 4 bayan an zuba ɓargon, miligiram 50 a kowane kilo na nauyinsa, dabara ce da aka fito da ita a Johns Hopkins ta Baltimore a Amurka kuma ita ce ta sauƙaƙa dashe tsakanin waɗanda rabi suka dace, da can galibi sai an samu wanda ya dace gaba ɗaya, kuma tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya ma ɗaya cikin huɗu ne. Shi wannan in zai yi ɓarna a makonnin farko yake yi, amma zuciyar da jan maganin ya riga ya gajiyar in ya ƙara mata ba lallai ta nuna nan take ba. In kuma an haska masa jiki gaba ɗaya da radiyeshon a shirin dashen, illar wannan sai bayan shekaru, jijiyoyin da suke ciyar da zuciya su ƙuntace ko ƙofofinta su yi tauri, bana jin shi ne na yanzu. Sai ƙarin jini, kowace leda ɗaya tana ɗauke da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250 kuma jiki bashi da hanyar fitar da shi, wanda aka ƙara wa leda ashirin ko talatin sai ya taru a hanta, in yayi yawa ya kai zuciya.

Yadda alamun suke zuwa kuwa, ki ɗauki injin ban ruwa na fadama, in ƙarfinsa ya ragu ruwan baya tafiya gaba sai ya taru a baya. Bayan zuciya ta hagu huhu ne, shi ne hakin da tarin dare, in ya kwanta ruwan ƙafa ya gangaro ƙirji abin ya ƙaru shi yasa yake neman zama. Bayan ta dama kuma ƙafafu da ciki da hanta.

Amma kar ki tafi da cewa lallai raunin tsoka ne. Ruwa yana iya taruwa a jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta, wannan faɗan ɓargo da jiki da ake kira GVHD yana kawo shi, ƙwayar cuta tana kawo shi, a ƙasarmu kuma dole a yi tunanin tibi. GVHD ɗin yana kama ƙananan hanyoyin iska na huhu ma ya bada haki, ko ya sa ƙoda ta riƙa zubar da furotin a fitsari jiki ya kumbura. Amlodifin shi kaɗai yana kumbura ƙafa, sai dai baya hana kwanciya. Akwai ƙarancin jini, akwai gudan jini da ke toshe jijiyar huhu. Saboda haka banda eko a yi isiji wato awon bugun zuciya, hoton ƙirji, gwajin ƙoda da fotasiyam da maganiziyam, fitsari, feritin mai nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, matakin takrolimus a jini, in akwai hali a yi NT-proBNP da tiroponin, gwajin jini ne da ke nuna ko zuciya tana wahala. Ki dawo ki faɗa mana lambar da aka rubuta a gaban EF a takardar ekon, ita ce ma'aunin ƙarfin da zuciya take tura jini.

Baban_Yasmin

Salam. 'Yata Allah ya saka miki da alheri da abinda kika yi wa ɗan uwanki, ba kowa ke iyawa ba. Dakta ya gama magana, ni abinda na gani da idona kawai zan ƙara. Yarinyata tana da shekara tara aka yi mata dashe a waje saboda ALL, wata kansar jinin ce, ita an haska mata jiki gaba ɗaya. Wajen wata na huɗu, lokacin bamu ma baro ƙasar ba, ta fara ƙin abinci, ta ƙi kwanciya sai dai ta zauna ta sunkuyo gaba ta rungume filo, bugun zuciyarta da sauri ko tana zaune, babu zazzaɓi babu komai. Uwarta ce ta dage tace yarinyar nan ba daidai take ba. Da aka ɗora abin eko sai ga ruwa ya zagaye zuciyar, a daren suka sa allura ta ƙasan ƙirji suka zuƙe shi suka bar ɗan siririn tiyo na kwana biyu, wallahi kafin gari ya waye ta nemi shayi. Sun gwada ruwan babu tibi babu kansa, suka ce daga rikicin garkuwar jiki ne suka gyara mata magani. Ina faɗa miki ne don ki san ba kowane ciwon zuciya bayan dashe bane na dindindin, wani a dare ɗaya ake maganinsa, amma da mun kwana biyu a masauki muna cewa gajiya ce da labarin ya sha bamban.

Abinda yake ci min rai shi ne bayan an dawo gida. Can kullum ana auna ka ana rubutawa, ka sauka a filin jirgi shikenan kai da takardunka. Mu a Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin tun 2011, Legas ma sun fara a 2024, amma na masu sikila ne aka fi yi, masu kansar jini har yanzu galibi waje ake fita, to likitocin da suka saba da bibiyar wanda aka yi wa dashe ba su da yawa, ba laifinsu bane basu cika ganin irinsa ba. Eko dai akwai, Asibitin Malam a Kano, Shika a Zariya, na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri duk akwai likitocin zuciya, abinda ya rage kai ne zaka buɗe baki kace an yi masa kemo kaza da dashe, in baka faɗa ba za a ɗauke shi kamar kowane mai kumburi. Ni na sa likitan can ya rubuta min a shafi ɗaya sunan kowane kemo da jimillarsa da adadin radiyeshon, na yi fotokofi na ɗauka a waya, duk inda muka je shi nake fara miƙawa.

Yanzu tana sakandare lafiyarta ƙalau, amma an ce ekon nan ba za a daina ba har girmanta, da awon jini da suga da kitse duk shekara, kuma an ja mana kunne in Allah ya kai ta aure ya bata rabo a duba zuciyar tun kafin cikin ya yi nisa don ciki nauyi ne a kan zuciya. Allah ya tashi kafaɗun ƙaninki.

Anti_Famasi

Amin ya Allah. Ƙanwata ni a ɓangaren magunguna nake aiki, abu biyu a rubutunki suka tada min hankali, diklofenak da kanwa. Diklofenak da ibuprofen da feldin da duk danginsu suna sa ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri, ga takrolimus dama yana wahalar da ƙodar, ga zuciya ana zargi, haɗin nan shi kaɗai ya isa ya tura mutumin da yake lallaɓawa ya faɗa cikin haki. A daina yau. In ciwo ya dame shi farasitamol, shima a auna zafin jiki kafin a bashi don kar ya ɓoye zazzaɓi. Kuma dan Allah a daina karɓo masa komai a kemis ba tare da an nuna jerin magungunansa ba, mai kemis ciwon baya aka faɗa masa ciwon baya ya bada magani.

Kanwa kuma ki lallaɓa Mama cikin ladabi, niyyarta alheri ce, amma kanwa sodiyam ce cike, aikinta a jiki ɗaya da gishiri wajen riƙe ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yadda kunun kanwa da zafin wankan jego suke da hannu a kumburi da gazawar zuciya ga masu jego, ba sabon zance bane a wajenmu. Haka Maggi da sauran dunƙule da indomi da kifin gwangwani, a rage sosai, a ɗebe masa miyarsa kafin a zuba. Kar kuma a ce za a sayo masa gishirin nan da ake tallar na masu hawan jini ne, fotasiyam ne a ciki, takrolimus da Septrin dama suna ɗaga fotasiyam, in yayi yawa bugun zuciya yake rikitawa.

Wani abin da nake tsoro, in mutane suka ji magani ne ya jawo sai su tsayar da komai. Kar a kuskura a tsayar da takrolimus ko firedinisolon da ka, na farko in aka yanke GVHD zai taso da ƙarfi, na biyu in aka yanke shi lokaci ɗaya bayan watanni ana sha jini zai iya faɗuwa mutum ya suma. Likita ne zai rage a hankali. Maganin fangas ɗin in vorikonazol ne ko fosakonazol ko fulukonazol yana ɗaga takrolimus a jini, an saita awon ne da sanin yana shansa, to shima ba a cire shi ko a ƙara ba tare da an sake gwaji ba. Kilaritiromaisin da eritiromaisin haka suke ɗaga shi, da lemon nan mai ɗaci garehul, rifamfisin na maganin tibi kuma zubar da shi yake yi ƙasa warwas, shi yasa in har aka ce tibi ne sai likitocin biyu sun yi magana da juna. Ko maganin maleriya za a bashi a faɗi cewa yana kan maganin fangas, don wasu in suka haɗu suna ja wa bugun zuciya tsawo a isiji. Ranar gwajin takrolimus kar ya sha na safe sai an ɗebi jinin, awa 12 bayan na dare, in ya sha kafin a ɗiba lambar zata fito sama a rage masa magani a banza.

Yar_Gwammaja

Jama'a na gode na gode, Allah ya biya ku da aljanna. A daren muka tafi kuma sun bashi gado nan take harda iskar oksijin. Dakta EF ɗin 38 aka rubuta, na kafin dashe da na duba 62 ne. Sun ce akwai ɗan ruwa a jakar zuciyar amma kaɗan ne ba sai an zuƙe ba, huhun ne ya cika da ruwa. Ana masa allurar Lasix yana ta fitsari, kilo huɗu ya sauka, jiya ya kwana da filo ɗaya har munshari yayi, Mama tana ta kuka tana hamdala, kanwa kam ta ce ta bar ta. Ƙodar sun ce ta ɗan taɓu amma tana dawowa tunda aka bar diklofenak, feritin kuma ya haura 2,000. An cire amlodifin an fara masa wani ƙaramin lisinofiril, sun ce in ruwan ya gama sauka za su ƙara kabedilol. Baba na bi shawararka na tura Indiya sun turo jimillar maganin, na nan gida ne muke nema a fayil.

Dakta maganarka a kan ɓargona ta sauke min nauyi Allah ne shaida. Yanzu abinda yake tambayata kuma bani da amsa, wai zuciyar zata dawo daidai ko shikenan haka zai ƙare da magani? Zai iya azumi bana? Bara bai samu yi ba abin yana damunsa. Kuma yaron ƙwallo ne, yana ta maganar yaushe zai koma fili.

Likitan_Jini

Alhamdulillah, kun kyauta da kuka tafi a daren. 38 rauni ne na gaske, lafiyayye daga 55 zuwa sama yake, amma ba lambar fidda rai bace ko kusa, kuma abinda yafi komai tasiri shi ne an kama shi da wuri. A wancan binciken na Milan waɗanda aka fara wa magani da zarar an gani, kashi 82 ƙarfin zuciyarsu ya ƙaru, sai dai waɗanda suka koma daidai lambarsu ta da kashi 11 ne, sauran sun farfaɗo ne ba duka ba. Yawancinsu masu kansar mama ne da limfoma ba masu dashe ba, to kar ki ɗauki lambar kamar alkawari, amma ma'anar tana nan, wanda aka fara wa magani a watannin farko yafi samun dawowa nesa ba kusa ba akan wanda aka bari ya wuce wata shida. Ki faɗa masa mutum yana rayuwarsa da aikinsa da aurensa da EF 48 ko 50 ba tare da ya ji komai ba.

Tsarin da likitocinsa suka ɗauko daidai ne. Kabedilol ana farawa da ɗan mitsitsi, 3.125 safe da yamma, sai an tsane ruwan tukuna, a riƙa ƙarawa duk bayan sati biyu ko fiye gwargwadon yadda jini da bugu suka ɗauka, a farkon zai iya jin kasala kar ya ce maganin bai karɓe shi ba. Sai an kai wajen wata uku a kan cikakken magani sannan a maimaita eko a yi hukunci. In lambar ta hau kar ya ajiye maganin, da yawa da suka ajiye zuciyar ta sake komawa baya. Inda nake so ki sa ido shi ne fotasiyam da ƙoda, lisinofiril ga takrolimus ga Septrin, in aka zo aka ƙara sifironolakton, shima na zuciya ne, sun zama huɗu masu ɗaga shi, to gwaji sati ɗaya zuwa biyu bayan kowane canji, ko ba a rubuta ba ki tambaya. Feritin ɗin ba na gaggawa bane yau, kumburin jiki na GVHD ma yana ƙara lambar, in ya murmure jininsa ya cika hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa ɗibar masa jini kaɗan kaɗan ana zubarwa, ƙwayar difarasiroks mai fitar da ƙarfe tana aiki amma ita ma ƙoda take taɓawa shi yasa ba a gaggawar haɗa ta da takrolimus.

Azumi bana a'a, wannan ra'ayina ne kai tsaye. Wanda bai daɗe da tashi daga ruwa a huhu ba, yana shan Lasix, ga takrolimus da dole sai duk awa 12, ga zafin Kano, ƙishirwar yini guda zata iya kwantar da ƙodar. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara, ya tambayi malaminsa yadda zai yi da ramuwa ko ciyarwa, baɗi a sake dubawa da sabon eko a hannu. Ƙwallo ta gasa a ajiye tukuna, amma kwanciya ma bata da amfani, da an sallame shi ya fara tattaki a fili da sassafe ko bayan la'asar minti goma, ya riƙa ƙarawa matuƙar yana iya magana yana tafiya ba haki.

Ku sayi sikeli na gida, kullum da safe bayan fitsari kafin karin kumallo ya hau a rubuta a littafi, in ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne yake dawowa ku kira likita kar ku jira ƙafa ta kumbura. Suma, ciwon ƙirji, bugu mai tsalle tsalle da jiri, ko zazzaɓi da ya kai 38, duk emajansi ne. Sannan a rubuta a gaban fayil ɗinsa da katin da zai riƙa yawo da shi cewa ya samu raunin zuciya bayan antarasaikilin, duk likitan da zai bashi wani kemo nan gaba, Allah ya kiyaye, ya gani kafin ya rubuta. In kun samo adadin na nan gida ki haɗa da na Indiya da tsayinsa da nauyinsa na lokacin ki kai wa likitan zuciyar, shi zai juya su zuwa ma'aunin doksorubisin ya san tazarar da zai riƙa sa masa tsakanin eko da eko.